Furfure a Lokacin Canjin Kuɗi: Yadda Wata Unguwa Ta Ci Abinci Babu Naira a Hannu

Unguwar da kasuwarta ta cikin gida

Unguwar da wannan nazari ya shafa tana cikin wani ƙauye kudu da birnin Kano, a yankin da ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. Gidaje ne kamar talatin, da masallaci ɗaya, da shagon tireda biyu, da injin niƙa guda. Banki babu, sai an hau mota. Da damina maza na noma gero da dawa da masara da gyaɗa, da rani su koma tumatir da albasa da tattasai. Tumatirin kuwa kasuwar Kwanar Gafan ake kai shi, kan hanyar Zariya, inda ake lodinsa zuwa kudu.

Wannan shi ne abin da baƙo zai hango daga bakin titi. A bayan katanga kuma akwai wata kasuwar da ke ci kullum. Da wuya ka shiga gida ka tarar da matar aure ba ta da sana'a: wannan na matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli, waccan na daddawar kalwa, wata ƙosai da koko, wata awara, wata na kirɓa fura. Su ba sa fita, yara ne ke ɗaukar talla, su ne kuma 'yan aike. Cinikin duk na hamsin ne da ɗari da ɗari biyu. Takardar ɗari biyun da magidanci ya sayi ƙosai da ita da sassafe, kafin azahar ta je gidan mai man gyaɗa, daga can ta faɗa hannun Bafulatanar da ke kawo nono daga rugar bayan gari, ita kuma ta ajiye ta a shagon tireda ta ɗauki gishiri da sabulu. Kuɗin unguwar ba su da yawa, gudu ne da su.

Furfure, wato a ba da hatsi a karɓi nono, tsofaffin unguwar sun tashi sun tarar ana yi, amma ya daɗe da ja da baya. Abin da ya saura shi ne ciyayya da aika kwanon tuwo maƙwabta, wanda shi kuma zumunci ne, ba a auna shi, ba a bin bashinsa.

Oktoba 2022 zuwa Janairu 2023: kuɗi sun shige banki

Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da cewa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Cikin dalilan da ya bayar har da cewa daga naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasar, kimanin tiriliyan 2.7 suna wajen bankuna. Sabbin takardun sun fara fita ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairu 2023 ta zama ranar da tsofaffin za su daina aiki. Ana saura kwana biyu aka ɗaga wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu.

Mutanen unguwar sun yi abin da aka ce. Tun tsakiyar Janairu aka riƙa tattara tsofaffin kuɗi, har da na adashi da na asusun ƙasa da aka fasa, ana damƙa wa mutum uku ko huɗu masu asusun banki su kai. Kuɗi suka shiga, fitowa ta gagara. Ya zuwa Fabrairu, kuɗin da ke yawo a faɗin ƙasar sun yi ƙasa da tiriliyan ɗaya. Takardun 50 da 100 ba a canza su ba, amma duk wadda ta samu ɗaya sai ta ƙulle ta a gefen zane. Ga kuma wahalar fetur a daidai wannan lokaci.

Alamar farko a unguwar ita ce farantan talla sun fara dawowa da kaya. Mai ƙosai ta rage waken da take jiƙawa daga tiya biyu zuwa ɗaya, sannan zuwa rabi. Alhali abinci bai yanke ba: rumbuna na da hatsi, kaka ba ta yi nisa ba, tumatir na tsakiyar ganiyarsa. Sai dai gidan da ke da gero ba shi da daddawa, gidan daddawa ba shi da mai, mai man kuma yaranta na kukan nono.

Makon farko na Fabrairu: bashi da taransifa

Abin da aka fara rugawa gare shi shi ne bashi. Masu tireda biyu suka buɗe littafi, suka rufe cikin kwana biyar, domin su ma waɗanda suke sarar kaya a wurinsu ba sa ba da bashi. Matan da ke sana'a suka riƙa ba maƙwabta kaya a kan za a biya in kuɗi sun fito. Mai man gyaɗa ta ba da kwalba shida a haka, ranar da gyaɗarta ta ƙare ba ta da abin sayen wata.

Sai aka gwada taransifa. Wani matashi mai asusun banki ya yarda a riƙa tura kuɗin ciniki ta wurinsa. Cikas ɗin farko sabis ne: a tura kuɗi da safe, har dare alat bai shigo ba, mai saye na rantsuwa an cire masa, mai kaya na riƙe da kayanta. Na biyu kuwa, ko kuɗin sun shigo, suna cikin waya ne. Kafin su zama takarda sai an je wurin mai POS, wanda a lokacin yakan karɓi dubu ɗaya, wani sa'in biyu, a kan kowace dubu goma, in ma yana da kuɗin. Cinikin naira hamsin ba ya ɗaukar wannan. Matan rugar kuwa tun farko sun ce su ba su san zancen ba.

6 zuwa 12 ga Fabrairu: ba ni gishiri in ba ka manda

Babu wanda ya shirya musayar. Wata Bafulatana ce da nononta ya kwana sau biyu ta ce a ba ta gero kawai. Kafin kwana biyu yara na kai-komo tsakanin gidaje da saƙo: Inna ta ce ga tumatir, a ba ta daddawa.

Tsakanin gida biyu da kowanne ke son abin ɗan'uwansa, abin ya tafi daidai. Amma hakan bai cika faruwa ba. Mai daddawa ta karɓi tumatir ranar farko da ta biyu, rana ta uku ta ce miya nawa za ta yi? Ita gero take so, domin kalwa sai da gero ko kuɗi za ta same ta. Mai geron kuma mai yake nema, mai man tana neman gyaɗa. Yarinya takan zaga gida huɗu da kwano a kai ta dawo da shi yadda ta fita.

Awo ma ya zama abin faɗa. Kowane gida da gwangwaninsa, wani an buga masa gindi, wani bakinsa ya lanƙwashe. Wannan na cikawa har ya yi tudu, waccan na shafewa. Tunda kuma yara ne a tsakani, babu mai iya tayawa ko cewa albarka; abin da aka zuba wa yaro shi zai kawo, in uwar ta ga an ƙware ta sai dai ta yi ta mita a ɗakinta.

Akwai kuma kunya, wadda ta fi sauran wahalar faɗa. Matar da shekara ashirin kuna aika wa juna kwanon tuwo, yau ta aiko da albasa tana neman mai, za ki tsaya ƙirga mata? Da yawa sukan zuba fiye da kima don kara, sannan abin ya tsaya musu a rai. Wasu facaloli biyu sun daina gaisawa a kan rabin kwalbar mai, wadda ɗaya ta ɗauka kyauta ce, ɗayar kuma tana jiran a aiko da wake.

13 zuwa 24 ga Fabrairu: littafin uwar adashi

Wadda ta kawo tsari na gaba ita ce uwar adashin unguwar, dattijuwar da kowa ke kira Gwaggo. Shawararta ita ce a mai da gero ma'auni. Aka ɗauki farashin kasuwar ƙarshe kafin kuɗi su ɓace: duk abin da ake sayarwa hamsin, gwangwanin gero ɗaya ke nan. Gwangwanin kuma guda ne, na gidanta, a shafe bakinsa. Wadda ta ba da kaya a rubuta mata, wadda ta karɓa a rubuta a kanta, ba sai abin da wannan ke so yana hannun waccan ba. Jikarta 'yar sakandare ce ke riƙe da biro.

Makon farko kowa ya yaba. Gida 22 suka shiga littafin, mai ƙosai ta koma tiya ɗaya, yara suka huta da zagaye. Ranar 16 ga wata shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi jawabi ya ce tsohuwar ɗari biyu za ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu, amma a unguwar an riga an kai su banki, don haka littafin ya ci gaba da cika.

A mako na biyu ne ɓaraka ta fito. Masu sayen tumatir a Kwanar Gafan su ma ba su da tsabar kuɗi, farashi ya karye, manoma suka fara dawowa da kaya gida. Littafin kuwa yana nan a kan tsohon farashi. Sai tumatir da alayyafo suka yi ta kwarara cikin lissafi, abin da ake ɗauka kuma gero ne da mai da daddawa. Ba wai an shirya cuta ba ne: mai tumatirin da zai ruɓe gobe dole ya nemi inda zai kai shi yau. Amma sakamakon ɗaya ne. Mai man gyaɗa ta wayi gari ita ce ta fi kowa arziki a takarda, ɗakinta kuma babu mai, babu gyaɗa. Magidanta uku suka hana a sake ɗibar musu gero, suna cewa da me za a kai damina?

Ɗaya daga cikinsu ne ya kai maganar gaban liman ranar Juma'a, jajibirin zaɓen shugaban ƙasa. Ya ce, “Allah gafarta Malam, wannan ciniki da iyalanmu ke yi, yaya matsayinsa?” Malam ya amsa da abin da ke cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure: ba a sayar da abinci da abinci zuwa wani lokaci, ko jinsinsu ɗaya ko daban, ko mai ajiyuwa ne ko marar ajiyuwa. Sai hannu da hannu. In kuma jinsi ɗaya ne na abin da ake ajiyewa a ci, kamar gero da gero, sai awo ya zo daidai. Tumatir yau, gero jibi, bai halatta ba. Ya nuna ƙofofin da suke buɗe: rance, a karɓi tiyar gero a mayar da tiyar gero, kyauta, wadda ba a jiran komai a bayanta, da ladan aiki, a yi wa mutum surfe ya biya da hatsi.

A ranar aka rufe littafin. Aka ce kowa ya mayar da irin abin da ya karɓa, wanda bai iya ba ya nemi yafiya ko a jira fitowar kuɗi.

27 ga Fabrairu zuwa 20 ga Maris: tsakar gidan mai unguwa

Tunda sai hannu da hannu, dole kaya da masu kaya su haɗu wuri guda. Mai unguwa ya ba da tsakar gidansa, Litinin da Alhamis da hantsi, lokacin da matan ruga ke isowa. Matan da mazajensu suka yarda suka zo da kansu, sauran suka wakilta surukai ko 'yan mata masu wayo. Ƙananan yara aka cire su daga ciniki. Zaman farko, Litinin ɗin da ta biyo bayan zaɓe, gida tara ne suka zo.

Daga tsarin Gwaggo an riƙe abu biyu, gwangwaninta da geron. Bambancin shi ne yanzu geron na gaske ne, ana ganinsa a ƙwarya. Mai tumatirin da ke son daddawa takan fara neman mai geron da ke buƙatar kayan miya, su yi musaya, ta karɓi geron a hannunta, sannan ta matsa tabarmar gaba ta ba mai daddawa. Mai daddawa ta miƙa wani kaso ga Bafulatana, Bafulatana ta bar kaɗan wurin mai ƙuli-ƙuli. Gwangwani goma na gero kan canza hannu sau huɗu kafin a tashi, kamar dai yadda takardar ɗari biyu ke yi a da.

Farashi kuma aka bar shi ga taye. Ranar da tumatir ya yi yawa, kashi uku ne a gwangwani. Babu mai cewa an cuce shi, tunda ga kayan nan kowa na gani. Wannan ne ya tura masu tumatir ga abin da iyayensu suka saba: suka riƙa yanka shi suna shanyawa a kan tabarma da rufin ɗaki. Rana da busasshiyar iskar watan Maris kan gama aikin cikin 'yan kwanaki. Kauɗa ba ta ruɓewa, don haka mai ita ba ta cikin gaggawa, tana iya cewa albarka ta koma da kayanta. A zama na huɗu har mai daddawa, wadda ta rantse ta gama da tumatir, ta karɓi kauɗa.

Magidanta suka sa nasu sharaɗin: maigida ne zai auna geron da za a fita da shi kowane zama, iri kuma ba a taɓa shi. Gidajen da ba su da abin kawowa, galibi na 'yan ƙwadago da zawarawa, sun shigo ta hanyar aiki. Da ma mai injin niƙa ya ƙi karɓar hatsi da farko, domin shi man inji yake saye, sai turmi da taɓarya suka dawo. Masu surfe da daka da ɗebo ruwa ana biyansu da gero, dusar ma su tafi da ita. Wadda ta rasa komai ranar zama takan ranci gero a gaban Gwaggo, ta mayar da gero.

Ciyayya ba a kawo ta tsakar gidan ba. Gwaggo ta faɗa tun zaman farko cewa abin da aka auna a nan ciniki ne, kwanon da aka aika da dare kuma zumunci, kada wadda ta haɗa su. Zama na biyar gida 24 ne suka halarta, har da wasu daga unguwar maƙwabta.

Akwai abin da tsarin bai taɓa ba. Gishiri da sukari da sabulu daga waje suke zuwa. Masu tireda sun karɓi ƙwai da gero daidai abin da za su iya juyawa, suka tsaya. Magani da kuɗin mota sai naira. Wani magidanci da ɗansa ya kwanta da zazzaɓi sai da ya karyar da akuyarsa ga wanda zai biya ta waya.

Bayan 13 ga Maris: kuɗi sun dawo

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta yanke cewa tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba 2023. Babban Banki ya bi umarnin ranar 13 ga wata, tsofaffin kuɗi suka fara komawa hannun jama'a sannu a hankali. Zama na bakwai, ranar 20 ga Maris, gida 15 ne. Azumi ya kama ranar 23 ga wata, talla ta farfaɗo da ƙosai da kunun buɗa-baki, aka mai da zaman Alhamis kaɗai. Bayan Sallah ya ƙara sirancewa, da ruwan farko ya sauka kowa ya nufi gona, ya mutu ba tare da an ce an rufe ba.

Abu biyu sun saura. Matan ruga da gidaje biyar ko shida sun ci gaba da furfure. Shanya kauɗa kuma ta zama aikin kowane rani a gidajen da suka daɗe da bari.

Abin da za a iya cewa

A ganina tsarin ƙarshe ya tsaya ne saboda ya rufe ramin da littafin ya buɗe. Abinci ba tsawon rai ɗaya gare shi ba. Nono na kwana ɗaya ne, tumatir na uku, gero na shekara. Duk tsarin da zai bar mai kayan kwana uku ya ba da yau ya ɗauki na shekara a farashin da ba ya motsi, kwashe rumbu zai yi, ko da kowa mutumin kirki ne. Hukuncin hannu da hannu ya zo wa matan kamar an tsaya musu a hanya, wasu ma sun yi gunaguni, amma shi ya tilasta a ga kaya, a taya, a rabu babu bashi. Ba na jin Malam ya yi lissafin farashin Kwanar Gafan kafin ya amsa. Abin da ya karanta ya faɗa.

Gwaggo kuwa ba a yi mata adalci ba in aka ce tsarinta ya faɗi. Ita ta gano cewa unguwar na buƙatar abu guda da kowa zai karɓa da ma'auni guda da ba a musu a kansa, kuma da waɗannan biyun aka yi zaman tsakar gida. Kuskurenta biyu ne, daskarar da farashi da barin bashi babu iyaka.

Kada kuma a kambama abin. Ya yiwu ne domin matsalar ta faɗo a watan da rumbu ke da hatsi, lambu ke da kaya, gidajen kuma sana'arsu ta bambanta. Da a watan Agusta ne, ko a unguwar birni da kowa ke cin albashi, da babu abin da za a shimfiɗa a tabarma. Ya kuma ci lokaci: hantsi biyu a mako, ga daka da hannu. Shi ya sa da naira ta dawo babu wadda ta yi dogon tunani.

Littafin yana nan wurin Gwaggo. An soke kowane layi sai biyu, duka na mai man gyaɗa ne, kwalba ɗaya da rabi. Ta ce ta yafe, amma ta hana a soke.